Anne ta Britani: Sarauniyar Faransa sau biyu da ta ƙi sakin ƙasarta

An haifi Anne a birnin Nantes a shekarar 1477. Mahaifinta ne ke mulkin Britani, ƙasa mai cin gashin kanta a yammacin Faransa ta yau. Da ya rasu a 1488 bai bar ɗa namiji ba, sai ta gaje shi tana da shekara 11.

Domin kare ƙasar daga mamayar Faransa, an ɗaura mata aure da Maximilian na Ostiriya a 1490 ba tare da sun ga juna ba. Sarkin Faransa Charles na 8 ya yi wa birnin Rennes ƙawanya, aka raba auren, ya aure ta a 1491. Yarjejeniyar ta tanadi cewa idan ya mutu babu magaji, za ta auri wanda ya gaje shi.

'Ya'yansu duk sun rasu tun suna ƙanana, shi ma ya rasu a 1498. Da ta auri Louis na 12 a 1499, ta gindaya sharaɗin Britani ta ci gaba da riƙe 'yancinta.

Ta rasu a Blois a 1514. An binne ta a Saint-Denis, amma an kai zuciyarta Nantes bisa wasiyyarta. A 1532 aka haɗe Britani da Faransa.