Muhammadu Kanta, Mai Birnin Surame

1. Mu bi ruwan gulbi

Yara, kun san gulbin Maraɗi. Da damina yakan cika, ya zuba ruwa cikin tabkinmu na Madarumfa. To, ina sauran ruwan yake tafiya? Yakan wuce Maraɗi da Tsibiri, ya karkata ya koma cikin Nijeriya, ya haɗu da gulbin Rima. Daga nan sai ya bi ta kusa da Sakkwato, ya nufi yamma.

Da mutum zai bi ruwan nan da ƙafa, kwana da kwanaki, da sai ya isa ƙasar Kabi. Can cikin daji, yamma da Sakkwato, zai tarar da wata doguwar ganuwa ta duwatsu. Wani wuri tana tsaye, wani wuri ta zube. Cikinta babu gida, babu kasuwa, sai itatuwa da tsuntsaye. Sunan wurin Surame. Shekara 500 da suka wuce, babban birni ne. Wanda ya gina shi, shi ne Muhammadu Kanta, sarkin Kabi na farko.

Labarin Kanta ya zo mana ta hanya biyu. Akwai abin da Kabawa suka riƙe da ka, kakanni suna gaya wa jikoki. Akwai kuma abin da malamai suka rubuta da Larabci. Ɗaya daga cikinsu Abdurrahman Sa'adi ne, mutumin Tumbutu, wanda ya rubuta tarihin daular Songai wajen 1655. Ɗayan kuwa Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812.

2. Yaro makiyayi

Masu ba da labari sun ce uban Kanta baƙo ne daga gabas. Ya zauna Kuyambana, cikin ƙasar Katsina, ya auri ɗiyar sarki. Nan aka haifi Kanta. Bai girma cikin fada ba. Ya tashi cikin Fulani, yana kiwon shanu. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ya saba da yunwa da doguwar tafiya.

Da ya zama saurayi sai ya yi suna wajen dambe da kokawa. Duk dandalin da ya shiga, shi ke fita da nasara. Samari suka riƙa binsa, suna jin maganarsa.

Da ubansa ya rasu, Kanta ya sa rai za a ba shi sarautar gidansu. Sai aka tsallake shi, aka naɗa wani. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Bai tsaya jayayya ba. Ya tattara abokansa, suka kama hanyar yamma. Suka ratsa Gobir da Zamfara, har suka iso fadamar gulbin Kabi. Ƙasar ta yi musu daɗi: ga ruwa, ga kifi, ga shinkafa, ga ciyawar dabbobi. Suka zauna. Masu neman mafaka da masu neman abin kansu suka yi ta zuwa, har Kanta ya sami runduna.

3. Rabon ganima

A zamanin nan, daula mafi ƙarfi a yammacin ƙasar Hausa ita ce Songai. Babban birninta Gawo, a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yanzu. Sarkinta Askiya Muhammadu ya hau gado a 1493. Ya yi aikin haji, ya ci ƙasashe da yawa, sunansa ya kai ko'ina.

Wajen 1515 Askiya ya ɗaura yaƙi zuwa Agadas. Kanta ya tafi tare da shi, da mutanensa. Aka yi yaƙi, aka ci nasara, aka kwaso ganima mai yawa. Da aka juyo gida, mutanen Kanta suka jira a ba su rabonsu. Shiru. Suka nema, aka hana su.

Karo na biyu ke nan da aka hana Kanta abin da yake ganin haƙƙinsa ne. Wannan karon yana da dawaki da mayaƙa. Ya fita daga biyayyar Askiya, ya ce Kabi ta tsaya da ƙafarta. Wannan ya faru wajen 1516.

Askiya ya aiko da runduna don ta hore shi, ba ta yi nasara ba. Ƙasar Kabi ƙasar fadama ce. Dokin baƙo yakan kafe cikin laka, Kabawa kuwa sun san kowane mashigi, suna kuma da jiragen ruwa. Bayan ƴan shekaru wani Askiya, mai suna Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya zo da kansa. Shi ma aka kore shi, ya koma Gawo da kunya. A ƙarshe, zamanin Askiya Dauda, wajen 1553, Songai da Kabi suka yi sulhu.

4. Ginin Surame

Kanta ya san wanda ya tsokano manya sai ya nemi wurin fakewa. Don haka ya gina birane masu ganuwa. Manyansu uku ne: Surame, da Gungu, da Leka. Surame ita ce mazauninsa.

Ganuwar biranen Hausa, kamar ta Kano da ta Katsina, da jar ƙasa aka gina su. Ta Surame kuwa da duwatsu aka yi ta, ana jera su ana liƙewa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Shi ya sa har yau take tsaye a wurare da dama. Filin da kufan ya mamaye ya kai kamar murabba'in kilomita 9. Ku tuna, a lokacin babu mota, babu amalanke mai taya irin ta yanzu. Kowane dutse da kuka ji, wani mutum ne ya ɗauko shi bisa kansa.

Su wa suka yi wannan aiki? Mutanen ƙasashen da Kanta ya ci da yaƙi. Kowace ƙasa aka yanka mata nata yanki na ganuwa. Kabawa suna ba da labari cewa Nufawa sun makara wajen zuwa aiki, sai Kanta ya hukunta su, ya sa suka kwaɓa ƙasar gini da man kaɗanya maimakon ruwa. Sun ce kuma ya tilasta wa Azbinawa su riƙa ɗauko ruwa bisa raƙuma, tun daga ƙasarsu har Surame, alhali ga gulbi nan kusa. Ba ruwan yake bukata ba. So yake kowa ya san wane ne mai iko.

Ana kuma labarin jirginsa na sarauta, wanda aka lulluɓe da tagulla. Mutum 50 ke tuƙa shi. In ruwa ya cika fadama, cikinsa Kanta yake kewaya garuruwansa.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Kanta ya bar Kuyambana saboda an hana shi sarauta. Ya rabu da Askiya saboda an hana shi rabo. Ya san ɗacin zalunci sarai. Amma da ya sami ƙarfi, sai ya ɗora wa waɗansu kayan da shi bai yarda a ɗora masa ba.

5. Yaƙi da Barno

Da wahala ta ishi Azbinawa, sai suka kai kuka wurin sarkin Barno. Ku dubi taswira. Barno tana can gabas, wajen tabkin Cadi. Rundunarta ta ratso ƙasar Hausa duka, ta zo ta kewaye Surame.

Nan ganuwa ta yi aikinta. Barebari suka yi ta kai hari, ba su sami ƙofa ba. An ce da mayaƙan Kanta suka ragu, sai ya yi dabara. Ya sa aka jingina gawawwakin waɗanda suka mutu bisa ganuwa, kowace da baka a hannu. Daga nesa Barebari suka ga ganuwa cike da maharba. Suka karaya, suka kwashe kayansu, suka juya.

Kanta bai bar su sun tafi haka nan ba. Ya bi sawunsu har Nguru, ya gwabza da su, ya ci nasara.

A kan hanyarsa ta komowa, ya biyo ta ƙasar Katsina. A wani wuri da ake kira Dugul, mutanen da ba su son mulkinsa suka tare shi. Aka harbe shi da kibiya. Ya ci gaba da tafiya da rauni, amma bai kai gida ba. Ya cika a Jirwa. Mutanensa suka ɗauki gawarsa zuwa Surame, suka rufe shi can. Wannan a tsakiyar ƙarni na 16 ne, bayan ya yi kusan shekara 40 yana mulki. Askiya bai kā da shi ba, sarkin Barno bai kā da shi ba. Kibiya guda ta talakawan da suka gaji da shi ita ta yi ajalinsa.

6. Bayan Kanta

Ƴaƴansa da jikokinsa suka gaje shi. Sunansa ya zama sunan sarauta, ana ce wa sarkin Kabi Kanta. Kabi ta yi fiye da shekara 100 tana da ƙarfi. Ikonta ya taɓa yankunan da ke cikin Nijar a yau, kamar Dandi da Arewa da Adar.

Sannu a hankali ƙasashen da ke ƙarƙashinta suka fara zamewa. A 1674 Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci Kabawa da yaƙi, Adar ta fita daga hannunsu. Gobir da Zamfara su ma suka taso mata. A farkon ƙarni na 18 aka watse daga Surame, sarki Tomo ya koma Birnin Kabi. A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi. Daga baya Kabawa suka kafa gadon sarautarsu a Argungu, inda yake har yanzu. A can akwai gidan tarihi mai sunan Kanta, wanda aka buɗe a 1958 cikin tsohuwar fadar sarki. An ajiye masu da takubba da tambura na sarakunan da.

7. Amfanin kufai

Ba Kanta kaɗai ne sarkin da ya gina mafaka ta zama kufai ba. Can nahiyar Asiya akwai wani tsibiri da ake kira Siri Lanka. Wani sarkinsu mai suna Kasyapa, wanda ya yi mulki daga 477 zuwa 495, ya ƙwace gado daga hannun ubansa. Don tsoron ɗan'uwansa, ya gina fada bisa wani dutse mai tsawon kamar mita 180, ana kiransa Sigiriya. Dutsen bai cece shi ba, ɗan'uwan ya zo ya ci shi da yaƙi. Kusa da wurin, a Dambula, akwai koguna 5 cikin dutse inda mabiya addinin Buda suke ibada tun fiye da shekara 2000. Mutanen ƙasar sun kula da wuraren nan biyu. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe masu nisa, su ɗauki ɗan jagora, ya kewaya da su wuni guda yana ba su labari. Da haka mutane da yawa suke samun abinci.

Surame ma an san darajarta. A 1964 gwamnatin Nijeriya ta sa ta cikin wuraren tarihi da doka ta kare. A 2007 aka rubuta sunanta cikin jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. A ƙasarmu, tsohon birnin Agadas ya sami wannan matsayi a 2013. Muna kuma da kufan Jado, can arewa maso gabas cikin hamada. Nan gida ma, ga kusheyin waliyyai 99 da ake ziyara kewaye da tabkin Madarumfa.

Kufai ba ya magana, sai an sami wanda ya san labarinsa. In aka kwashe duwatsun ganuwa aka yi gini da su, ko aka bar tsofaffi suka tafi ba a tambaye su ba, to labarin ya ɓace ke nan. Ku da kuka iya rubutu da Hausa, wannan aikinku ne.

Ma'anar kalmomi

Ganuwa: babban bangon da ake kewaye birni da shi don tsaro.
Kufai: wurin da mutane suka taɓa zama, suka tashi suka bar shi.
Ganima: dukiyar da ake kwasowa wurin yaƙi.
Fadama: ƙasa mai damshi a bakin gulbi ko tabki.
Ɗan jagora: wanda ke nuna wa baƙo hanya.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya ruwan gulbin Maraɗi yake kaiwa ƙasar Kabi?
2. Me ya raba Kanta da Askiya Muhammadu?
3. Me ya bambanta ganuwar Surame da ta Kano?
4. Don me Azbinawa suka kai kuka Barno?
5. A ganinku, wane hali na Kanta ya kamata a koya, wane ne kuma ya kamata a guje masa?

Aiki

Ku je wurin wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku. Ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su ko akwai kufai kusa da garinku. Su wa suka zauna wurin? Me ya tashe su? Ku rubuta abin da kuka ji cikin layi 10, ku kawo aji ranar Litinin.