Mamman Shata, Mai Kalangu

Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Mota takan bi ta Ɗan Isa, ta ƙetare iyaka, ta ratsa Jibiya. Mutanen garuruwan nan biyu ƴanꞌuwan juna ne. Har yau sarautar Maraɗi ana kiranta Sarkin Katsina. Don haka abin da ya tashi a Katsina ba ya daɗewa bai iso Maraɗi ba. Haka waƙoƙin Mamman Shata suka yi.

An haifi Shata a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Sunansa na yanka Muhammadu. Sunan ubansa Ibrahim Yaro, sunan uwarsa Lariya. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne. A zamanin nan kiɗa gado ne, kamar ƙira da wanzanci da fawa. Ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi. Wanda bai gada ba, in ya shiga kiɗa, sai a ce ya zubar da mutuncin gidansu.

Tun yana yaro Shata yake son waƙa. Ya yi tallar goro, ya yi tallar alewa. In ya shiga kasuwa sai ya riƙa waƙa, mutane su taru, kaya su ƙare. Da dare kuma ya tafi dandali, inda samari da ƴammata ke wasa. Ubansa bai so haka ba ko kaɗan, don a ganinsa waƙa roƙo ce. Ya hana shi, amma hanin bai yi amfani ba. Daga baya Shata ya bar Musawa, ya zauna Bakori, sannan ya koma Funtuwa, inda ya kafa gidansa.

A lokacin nan kowane makaɗi da wurinsa. Makaɗan fada suna buga taushi da kotso, kowanensu yana da sarki guda da yake wa waƙa. Akwai makaɗan noma, akwai na dambe, akwai na kokowa. Shi kuwa kalangu na mahauta ne da wasan ƴammata. Ba a ɗauke shi kiɗan manya ba.

Kalangun nan Shata ya zaɓa. Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu, da fata a baki biyu. Tsarkiyoyi na fata sun haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa, ya sa shi ƙarƙashin hammata. In ya matse tsarkiyoyin, murya ta yi sama. In ya saki, ta sauka. Haka Hausa take, kowace kalma da hawa da saukarta. Shi ya sa kalangu ke iya magana.

Shata ya kawo sabon abu ta hanya uku. Na farko, bai ɗaure kansa ga sarki guda ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa ƴan kasuwa, da direbobi, da manoma, da mata, da malamai. Na biyu, ya sa ƴan amshinsa su riƙe magana guda gajeriya, suna maimaita ta daga farko har ƙarshe, shi kuwa yana zuba sababbin baitoci a kai. Ba ya rubutawa. Sau da yawa nan take yake shirya waƙa, a gaban jamaꞌa. Na uku, ya yi waƙa a kan abubuwan zamani. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙa. Da mutanen Amurka suka sauka kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Manomin da bai taɓa riƙe jarida ba ya ji labarin daga bakin kalangu.

Shata yana da kaifin harshe. In ya yabi mutum, sunansa ya zagaya duniya. In ya yi masa zambo, shi ma haka. Saboda haka ana sonsa, ana kuma jin tsoronsa. A cikin babbar waƙarsa, Bakandamiya, kansa ya yaba.

Ya zo daidai lokacin da rediyo ke shiga gidaje. An ɗauki muryarsa a faifan garmaho, daga baya a kaset. Rediyon Kaduna ba ya tsayawa a iyaka. Ana jinsa a kasuwar Maraɗi, da ƙofar fada a Tibirin Gobir, da cikin garake a Jiratawa. Fatake da direbobi suka riƙa kawo kaset daga Katsina da Kano. Ta haka Shata ya zama na gida a nan ma.

A shekarar 1988 Jamiꞌar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Yaron da aka hana waƙa ya zama Dokta Mamman Shata. Ya rasu a Kano ranar 18 ga watan Yuni 1999. Aka kai shi Daura aka rufe, garin babban ubangidansa, Sarki Muhammadu Bashar.

Shata ya tafi, amma aikinsa bai tafi ba. Babu wanda ya san yawan waƙoƙinsa; shi kansa bai ƙirga ba. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, mai suna Shata Ikon Allah. Ɗalibai a jamiꞌoꞌi suna nazarin Hausarsa. Waƙoƙin da ke cikin kaset sun koma cikin wayar salula. Mawaƙan yau da yawa suna aiki da fiyano da kwamfuta, amma hanyar da ya buɗe suke bi: kowa yana iya zama mawaƙi ko bai gada ba, kuma kowane abu yana iya shiga waƙa.

Sai dai naꞌura murya kawai take ajiyewa. Ba ta ajiye hannun da ke matsa tsarkiya. Kalangu yana rayuwa ne in akwai yaron da ya zauna kusa da makaɗi ya koya.

Tambayoyi

1. Don me uban Shata bai so ya yi waƙa ba?
2. Yaya kalangu ke canza murya?
3. Waɗanne sababbin abubuwa uku Shata ya kawo?
4. Ku tambayi iyayenku sunan wani makaɗin garinku. Da me yake kiɗa? Wa ya koya masa?