Rabbi Mordekai Abi Serur da Majami'ar Timbuktu

Duk wanda ya karanta tarihin Waliyyi Charles de Foucauld ya ci karo da sunan wani Bayahude da ya yi masa jagora a ƙasar Maroko, amma ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. Sunansa Mordekai Abi Serur. Rabbi ne, wato malamin addinin Yahudawa, kuma kusan shekara 20 kafin su haɗu ya riga ya kafa majami'a a nan Afirka ta Yamma.

An haife shi a shekara ta 1826 a Akka, wani dausayi a kudancin Maroko inda ayarin raƙuma kan yada zango kafin su faɗa Sahara. Tun yana yaro ya bar gida neman ilimi, da fari a Marakesh, sa'an nan a Urushalima, inda ya sauke karatun Attaura da na shari'ar Yahudawa har aka ba shi matsayin rabbi. Ya yi hidima a Halab ta ƙasar Sham da kuma Aljeriya. Daga baya sai zuciyarsa ta karkata ga fatauci.

A wancan zamani ƙofar Timbuktu a rufe take ga Yahudawa, tun lokacin da Askiya Muhammadu na Songhai ya hana su shiga ƙasarsa bisa shawarar Shehu Magili, malamin nan da ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Duk da haka Mordekai da ɗan'uwansa Ishaku suka bi ayari. An tsare su a Arawan na wani lokaci, suka dai isa Timbuktu wajen shekara ta 1860. Fataken garin ba su yi maraba da su ba, gama baƙo mai sanin hanya da farashi abokin gasa ne. Sai da maganar ta kai ga Ahmadu Ahmadu, sarkin Masina a Hamdallahi, aka yarda su zauna su yi ciniki bisa sharaɗin biyan jiziya.

Ciniki ya yi albarka, da gishiri da zinariya da gashin jimina. Amma akwai abin da dukiya ba ta saya masa ba. A ka'idar addininsu, ba a yin sujada ta jama'a sai baligai maza 10 sun hallara; wannan adadi shi suke kira minyan. Idan ba su cika ba, kowa na iya yin addu'arsa shi kaɗai, amma ba za a buɗe naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta a bainar jama'a ran Asabar ba, ba kuma za a yi addu'ar nan ta musamman da masu makoki ke yi domin mamatansu ba. Rabbi ne sukutum, ga ilimi ga kuɗi, amma ba shi da jama'a. Mu mazauna ƙauyukan Miga da Dutse ba sai an fassara mana zafin ƙidaya kawuna kafin a fara sujada ba.

Saboda haka ya sake ƙetare hamada zuwa Akka, ya rinjayi waɗansu 'yan'uwansa da danginsa suka biyo shi. Wajen 1864 mazajen Yahudawa a Timbuktu suka kai 11, majami'a kuwa ta tsaya. A ganina wannan ita ce tafiyarsa mafi girma, ko da yake masana ƙasa sun fi tunawa da waɗansu.

Abin bai daɗe ba. Alhaji Umaru Tal ya ci Hamdallahi a 1862, ƙasa ta rikice, alkawarin sarki ya bi sarki. 'Yan fashi suka washe ayarinsa, ya koma Maroko hannu wofi kafin 1870, ƙaramar jama'arsa kuma ta yi ta raguwa har ta ɓace. Daga nan ya shiga tara wa masanan Faransa tsirrai da labarun ƙasa.

A 1883 yana Aljas, ya manyanta, ga talauci, aka haɗa shi da Foucauld, wani matashin tsohon hafsan soja wanda a lokacin ya rabu da bangaskiya. Bature ba ya iya ratsa cikin Maroko da sunansa, sai Foucauld ya sa tufafin rabbi, ya ɗauki sunan Yusufu Aleman. Suka tashi ran 10 ga Yuni, suka yi wata 11 suna kwana a unguwannin Yahudawa da cikin majami'unsu. Ba kullum suke jituwa ba, Foucauld kuma bai yaba masa yadda ya kamata ba, alhali kuwa bakin Mordekai ne ke buɗe musu ƙofofi.

Foucauld ya sami lambar zinariya a Paris a 1885. Mordekai ya rasu a Aljas a 1886 cikin rashi, 'yan watanni kafin abokin tafiyarsa ya durƙusa gaban Fada Huvelin ya yi ikirarin zunubansa.