Sarkin Kano Alu: Shekara Tara A Gadon Sarauta, Ashirin Da Uku A Tsare

Mu mutanen Rano da Kibiya, ba daga nesa muke jin labarin zuwan Turawa ba. A farkon 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji da ke kusa da mu, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Sarkin lokacin shi ne Aliyu Babba, wato Alu, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ya hau gado a 1894, cikin yaƙin basasar Yusufawa da Tukurawa. Turawa sun iso yana wajen mubaya'a ga Sarkin Musulmi Attahiru a Sakkwato. A hanyar dawowa ya rabu da rundunarsa, ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. Aka kama Alu, aka kai shi Yola, sannan Lokoja, inda ya rasu a 1926.

Hukuncin rabuwarsa da rundunar mun bar wa Allah. Namu shi ne mu tuna cewa ba a cika shekara goma da basasa ba baƙo ya ci gari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya jiƙansa.