Janar Seyni Kunce: Sojan da Yunwa ta Kawo Mulki

Jama'ar Tsarnawa, na gida da na ci-rani, duk wanda ya taɓa cin amfanin noman rani a fadamun Ƙwanni ya ci daga aikin zamanin Seyni Kunce. Bari mu ɗan waiwayi rayuwarsa.

An haife shi a 1931 a Fandu, cikin yankin Filinge. Ya shiga sojan Faransa tun yana saurayi, ya yi aiki a Indochina da Aljeriya. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ya dawo rundunar Nijar, har ya zama babban hafsan soja a 1973.

A lokacin fari ya ci ƙasa shekara da shekaru, dabbobi sun ƙare, mutane kuma suna ƙorafin cewa cimakar agaji ba ta isa hannun talaka. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Aikin da ya fara sa wa gaba shi ne raba hatsi da cika rumbunan OPVN, don ƙasa ta ci da kanta.

Kuɗin yuraniyom na Arlit su suka ba shi ƙarfi. A 1978 aka kafa ONAHA mai kula da filayen ban ruwa. A nan kusa da mu aka gyara filin Ƙwanni kashi biyu, a 1979 da 1982, sama da hekta 2,000, ana shayar da shi da ruwan Majiya daga madatsun Mozage da Zango. Ya kuma farfaɗo da Samariya, matasa suna gayya wajen gina ajin makaranta da dasa itatuwa.

Amma daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi nauyi, a 1983 gwamnati ta nemi taimakon asusun lamuni na duniya tare da tsuke bakin aljihu. Sai ga farin 1984, shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta, yunwar da tsofaffinmu ke kira El-Buhari.

Mulkinsa kuma na tsoro ne. Babu jam'iyya, babu majalisa. An tsare Diori da Djibo Bakary shekaru, mataimakinsa Sani Suna Siddo ya mutu a tsare. Talaka ya samu hatsi, amma bai samu bakin magana ba.

Kunce ya rasu a asibiti a Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibu ya gaje shi. Madatsun da ya bari suna nan, sai dai yashi yana cike su, magudanai suna buƙatar gyara da kuɗin manoma a kan kari. Ku da ke aiko kuɗi gida daga Legas, Abijan ko Aljeriya, ku riƙa tambayar 'yan uwa halin da ruwan filin yake ciki. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu damina mai albarka.