Alcide d'Orbigny, masanin da ya raɗa wa zamunan duwatsu suna

Duk wanda ya taɓa duba taswirar duwatsun Nijar, Kamaru ko Chadi zai ci karo da kalmomi irin su Aptien, Albien, Cénomanien da Turonien. Sunayen zamuna ne da duniya ta ratsa miliyoyin shekaru kafin ɗan Adam, kuma mutum ɗaya ne ya raɗa su duka huɗun: Alcide d'Orbigny, ɗan ƙasar Faransa.

An haife shi ranar 6 ga Satumba 1802 a Couëron, kusa da Nantes. Mahaifinsa likita ne mai sha'awar halittun teku, shi ya saba masa da tsintar kwanso a gaɓar La Rochelle. Tun yana matashi ya duƙufa kan wasu ƙananan halittu masu kwanso, waɗanda yawancinsu ba su wuce ƙwayar rairayi ba. A 1826 ya wallafa nazari a kansu, ya kira su foraminifères, sunan da suke amsawa har yau.

A wannan shekarar ce gidan adana tarihin halittu na Paris ya tura shi Kudancin Amurka. Ya yi sama da shekara bakwai yana ratsa Brazil, Ajantina, Chile, Peru da Bolibiya, ya koma gida da dubban samfuran dabbobi, tsirrai da duwatsu.

Babban aikinsa bayan dawowar ya zo. A lokacin kowace ƙasa da yadda take kiran duwatsunta: Ingila da nata sunaye, Jamus da nata, galibi bisa launi ko irin dutsen. Matsalar ita ce, a zamani guda teku na iya shimfiɗa farar ƙasa a nan, ya shimfiɗa yumɓu a can. Kamannin dutse ba ya faɗin shekarunsa. D'Orbigny ya ɗora kan abin da William Smith na Ingila ya lura da shi, cewa kowace shimfiɗar dutse tana da irin burbushin halittun da ke cikinta. Daga 1840 ya fara fitar da jerin littattafan Paléontologie française, sannan a wajen 1850 ya jera kusan nau'in halittu 18,000, ya kasa tarihin duwatsu zuwa hawa 27. Kowane hawa da halittun da ake gane shi da su, kuma ya ba da yawansu sunan wurin da suka fi fitowa sarai: Aptien daga garin Apt, Albien daga kogin Aube, Cénomanien daga tsohon sunan Le Mans, Turonien daga yankin Tours.

Amfanin wannan tsari ya iso har Sahara. A Damargu, kusa da Tanut, da kuma Ashaka ta jihar Gombe, ana samun burbushin amonit, wata halittar teku mai kwanso a naɗe kamar gammo. Da aka gwada su da na Turai da Arewacin Afirka, sai aka gane duwatsun na zamanin Cénomanien da Turonien ne, sama da shekara miliyan 90 da suka wuce, lokacin da teku ya malalo ya rufe wani yanki na inda hamada take a yau. Haka ma duwatsun Gadoufaoua a Tenere, inda aka tono ƙasusuwan dabbar Ouranosaurus, ana sa su tsakanin Aptien da Albien.

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba. Ya bi ra'ayin Cuvier, ya ɗauka kowane hawa ya ƙare ne da wata gagarumar halaka da ta shafe halittu kaf, sannan sababbi suka bayyana. Takwarorinsa sun soke shi, kuma sau da dama ya nemi kujera a majalisar masana kimiyya ta Faransa bai samu ba. A 1853 aka ƙirƙiro masa kujerar farfesa a gidan tarihin na Paris, amma bai daɗe a kanta ba. Ya rasu ranar 30 ga Yuni 1857 a Pierrefitte, yana da shekara 54, shekara biyu kafin littafin Darwin da ya kawar da irin wancan ra'ayi.

Ra'ayin ya tafi, sunayen sun zauna. A yau hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da jadawalin zamunan duwatsu tana zaɓar wuri guda a duniya a matsayin ma'aunin farkon kowane hawa, kowa ya gwada nasa da shi. Na Cénomanien yana tsaunin Risou a kudu maso gabashin Faransa, kuma alamar da aka amince da ita ita ce bayyanar wani nau'in foraminifère, daga cikin halittun nan da ya fara nazari yana matashi. Masu haƙar man fetur ma da su suke gane shekarun dutsen da injinsu ya huda.