Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Marubuci Kuma Matafiyi

1.0 Gabatarwa

Galibin ɗalibai sun san Alhaji Abubakar Imam ne ta fuskar adabi. Wannan darasi zai dubi rayuwarsa ta fuskar tafiye-tafiye, domin ya rayu a zamanin da tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, kuma yana cikin waɗanda suka fara kula da halin da matafiya ke shiga a wannan sauyi.

2.0 Haihuwarsa da Aikinsa

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma fara koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a 1932. Gasar ƙaga labarai da Dokta R. M. East ya shirya a 1933 ita ce ta fito da shi, da littafinsa Ruwan Bagaja. Daga baya ya wallafa Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zauna a Tudun Wadan Zariya.

3.0 Tafiyarsa Ingila

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Imam na cikin tawagar, tare da Nnamdi Azikiwe. Ko da yake jirgin sama ya fara sauka Kano tun 1925, ta ruwa suka bi. A lokacin, tafiyar teku ta makonni ce, ga kuma fargabar jiragen yaƙin Jamus masu nutso. A can ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya bayyana masa koke-koken Arewa. Wannan tafiya ce ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

4.0 Imam da Hanyar Hajji

Tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, amma tsawon tafiyar ya danganta ga abin hawa. Mai tafiya a ƙasa yakan shafe shekaru, yana yada zango yana ƙwadago a ƙasar Sudan, wani ma ba ya dawowa. Mai bin mota ta Maiduguri da Chadi, sannan ya shiga jirgin ƙasa, ya ƙetare Bahar Maliya, yakan yi makonni ko watanni. Mai hali kuwa ya fara shiga jirgin sama daga Kano.

Ko a jirgin saman ma lokaci ba ya zama ɗaya. Jirage masu farfela na wancan zamani ba su da gudu sosai, kuma sukan sauka a hanya su sha mai. Jirgin zamani kan ci wannan tazara cikin awa huɗu zuwa biyar. Duk da haka, kamfanoni biyu kan rubuta lokaci daban-daban a kan hanya guda, saboda bambancin samfurin jirgi, da hanyar da aka ba shi a sararin sama, da iska, da cunkoson filin jirgi, da kuma rarar mintocin da kowane kamfani ke ƙarawa don gudun a ce ya makara.

Abin da ya dami Imam shi ne abin da jadawali ba ya nunawa, wato wahalar jiran jirgi, da rashin masauki da magani, da rashin wanda zai tsaya wa alhaji a ƙasar da bai san harshenta ba. Saboda haka a 1953, yana ɗan Majalisar Wakilai a Legas, ya kawo ƙudurin a buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda. Majalisa ta amince. A shekarar nan ya sauke farali, ya ga halin alhazai da idonsa, ya dawo ya miƙa rahoto. Wannan yunƙuri na cikin abubuwan da suka share fagen kafa hukumar jin daɗin alhazai ta Jihar Arewa a 1965, da ta ƙasa baki ɗaya a 1975.

5.0 Kammalawa

Imam ya ci gaba da hidima a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa da wasu muƙamai, har Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981. Rayuwarsa ta nuna cewa gajarcewar hanya ba ita ce sauƙin tafiya ba, sai an sami mai kula da matafiyin.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da ke sa lokacin tafiyar jirgin sama ya bambanta a kan hanya guda.
2. Bayyana gudummawar Abubakar Imam ga jin daɗin alhazan Nijeriya.